Na asali ko na canji: yadda kasuwa da doka ke hukunta kayan gyaran tsofaffin mandolin

A watan Disamban 2009, kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York ya sayar da wani ɗan fallen katako, wanda tsawonsa bai fi tafin hannu da kaɗan ba, a kan kuɗin da ya haura dala 30,000. Fallen ba ya fitar da sauti, kuma an kwakule tsakiyarsa da wuƙa. Darajarsa ita ce an ɓamɓaro shi ne daga kan mandolin ɗin Bill Monroe, mutumin da ake ɗauka a matsayin uban kiɗan bluegrass na Amurka. A farkon shekarun 1950 Monroe ya aika da kayan kiɗansa kamfanin Gibson domin gyara, aikin bai gamsar da shi ba, sai ya sa wuƙa ya kankare sunan kamfanin daga kan mandolin ɗin. A 1980 aka sasanta, kamfanin ya cire fallen da aka ɓata ya sa sabo. Tsohon da aka cire shi ne ya zama dukiya.

Wannan ciniki ya nuna matsalar da ke gaban duk wanda ya mallaki tsohon mandolin. Kayan kiɗa abin aiki ne, yana cinyewa, yana buƙatar gyara. Amma idan ya tsufa ya kan zama shaidar tarihi, kuma kowane ɓangare da aka canza ya rage wani abu daga shaidar. A 'yan shekarun nan an samu mai hukunci na uku bayan makaɗi da ɗan kasuwa, wato jami'in kwastan, domin wasu daga cikin kayan asalin an yi su ne da hauren giwa, da ƙoƙon kunkurun teku, da itatuwan da dokar duniya ta sa wa takunkumi.

Mene ne mandolin?

Mandolin ƙaramin kayan kiɗa ne mai tsirkiya takwas, an jera su bibbiyu, ana saita su kamar na gogen Turawa, ana kuma kaɗa su da ɗan falle mai tauri da ake riƙewa tsakanin yatsu. Siffarsa da aka fi sani ta samo asali ne a birnin Napoli na Italiya a ƙarni na 18, inda iyalan Vinaccia suka yi fice wajen ƙera shi. Na Napoli yana da baya mai zurfi kamar ƙwarya, wanda ake haɗawa da siraran katako masu yawa. Vivaldi da Beethoven sun rubuta masa kiɗa, Mozart kuma ya sa shi a wasansa na Don Giovanni a 1787. Daga baya Raffaele Calace a Napoli da Luigi Embergher a Roma suka ɗaukaka sana'ar ƙera shi.

A Amurka aka sauya masa kama. Orville Gibson na garin Kalamazoo a jihar Michigan ya samu takardar mallakar fasaha a 1898 kan mandolin da ake sassaƙa fuskarsa da bayansa daga katako, maimakon a lanƙwasa su. A 1902 aka kafa kamfani da sunansa. Tsakanin 1922 da 1924 wani makaɗi kuma masanin sauti mai suna Lloyd Loar ya jagoranci ƙera samfurin F-5, yana sa hannu da kwanan wata a takardar da ke manne a cikin kowanne. A lokacin ana sayar da shi dala 250. 'Yan ɗaruruwa kawai aka yi, kuma a wannan ƙarnin an sayar da wasunsu a kan kuɗin da ya haura dala 150,000. Na Monroe ɗaya ne daga cikinsu, mai ɗauke da kwanan watan 9 ga Yulin 1923.

Kayan kiɗan ya bazu nesa da inda aka haife shi. Ana kaɗa danginsa a kiɗan choro na Birazil da kiɗan sha'abi na Aljeriya, U. Srinivas ya shigar da shi kiɗan gargajiya na kudancin Indiya, Japan kuma tana da ƙungiyoyin makaɗansa masu yawa. Amma kasuwar tsofaffin mandolin da kayan gyaransu ta fi ƙarfi a Amurka da Turai, kuma a can ne aka fi kai ruwa rana a kan batun asali.

Sassan da ke mutuwa kafin jiki

Jikin mandolin da aka kula da shi zai iya wuce shekara ɗari yana aiki. Ƙananan sassan da aka ɗora masa ne ba sa kai wa haka.

Tsirkiya ita ce ta farko, kuma ba wanda ke tsammanin samun ta asali. Duk da haka zaɓenta na iya kashe kayan kiɗa. Tsirkiyoyin ƙarfe masu matsakaicin kauri da makaɗan yau ke ɗaurawa suna ja da ƙarfin da ya haura kilo 70. An ƙera F-5 domin ya jure irin wannan. Tsohon mandolin na Napoli kuwa siriri ne, an yi shi domin tsirkiya mara nauyi, idan aka ɗaura masa mai kauri sai wuyansa ya karkata ko fuskarsa ta lotsa.

Sai ƙananan sandunan ƙarfe da aka jera a kan wuya, waɗanda yatsa ke danna tsirkiya a kansu domin fitar da kowane sauti. Gugar tsirkiya tana cinye su har su yi rami. Masu gyara da masu saye sun yi ittifaƙi cewa canza su ba laifi ba ne, matuƙar an yi aikin da tsabta, ba a farfasa katakon da suke zaune a ciki ba.

Jaki, wato ɗan katakon da ke ɗage tsirkiya daga fuskar kayan kiɗa kamar yadda yake a jikin goge, shi ne ke kai motsin tsirkiya zuwa ga katako. Kafin 1921 jakin Gibson gungume ɗaya ne na baƙin katakon eboni. Daga wannan shekara kamfanin ya fito da mai hawa biyu, wanda ake ɗagawa ko saukarwa da ƙananan ƙafafun murɗawa guda biyu. Makaɗa da yawa su kan sa sabon jaki domin su samu tsayin da hannunsu ke so. Da yake jaki ba a manne yake ba, matsin tsirkiya ne ke riƙe shi, ana iya mayar da tsohon a kowane lokaci. Abin da ake buƙata kawai shi ne kada a yar da shi.

Kunnuwa, wato na'urar ƙarfe mai haƙora da ake murɗawa domin ɗaure tsirkiya ko sassauta ta, sun fi wuyar sha'ani. Ana jera huɗu a kan faranti ɗaya a kowane gefe, kowanne da raminsa a kan mandolin. Tazarar da ke tsakanin ramukan a tsofaffin Gibson ta bambanta da ta zamani da abin da bai kai milimita ɗaya ba. Amma idan aka tara wannan bambanci a kan ramuka huɗu, sabon faranti ba zai zauna ba. A da, masu gyara su kan toshe ramukan su huda sababbi, kuma wannan tabo ba ya gogewa. Yanzu akwai kamfanonin da ke ƙera sababbin kunnuwa daidai da tsohon awo, domin kada a sake taɓa katako da abin huji.

Kayan asalin da ke cutar da mai shi

Akwai sassan da barinsu a jiki haɗari ne. A farkon ƙarni na 20 Gibson da sauran kamfanoni sun riƙa sa wa mandolin garkuwa, wato faranti mai kare fuskar katako daga kartar abin kaɗawa, da aka yi da seluloyid. Seluloyid na daga cikin robobin farko da ɗan Adam ya ƙirƙira, ana haɗa shi daga auduga da aka sarrafa da sinadari da kuma kafur. Idan ya tsufa ya kan fara ruɓewa, yana fitar da iska mai guba. A cikin rufaffen akwati wannan iska tana sa ƙarfe tsatsa, tana cin man sheƙin da aka shafa wa katako, tana kuma ƙona ƙyallen akwatin. Ruɓewar ba ta da magani idan ta fara. Shawarar masu gyara ita ce a cire garkuwar, a ajiye ta nesa da kayan kiɗan a wurin da iska ke shiga, a sa kwafinta. A nan, mai nacewa a kan asali shi ne zai yi asara.

Akwai kuma akasin haka, inda aka cire abu mai lafiya saboda ɗanɗanon zamani. Da yawa daga cikin F-5 na Loar sun fito da wani ɗan faifan katako da aka rataye a cikin cikinsu, ƙirƙirar 'yan'uwa Virzi na New York, wanda aka yi domin ya tausasa sauti. Da kiɗan bluegrass ya yi ƙarfi, makaɗa suka fi son sauti mai kaifi da amo, sai aka riƙa cire faifan, wani lokaci har da buɗe bayan mandolin. Yau masu tattara kayan tarihi suna bibiyar waɗanda faifansu ya tsira. Waɗanda suka cire nasu a lokacin suna ganin gyara suke yi.

Abin da kasuwa ke yafewa da wanda ba ta yafewa

Ƙa'idar da ƙwararrun masu gyara ke bi ita ce kada a yi aikin da ba za a iya warwarewa ba. Tsofaffin maƙera sun yi amfani da gam da ake dafawa daga fatar dabbobi, wanda ɗumi da danshi ke sakinsa. Saboda haka za a iya buɗe mandolin na 1915, a manne sandar cikinsa da ta saki, a rufe, ba tare da an cuci katako ba. Wanda ya zuba gam na zamani mai daskarewa kamar dutse ya rufe ƙofa ga duk mai gyaran da zai zo bayansa.

Babban zunubi a idon kasuwa shi ne kankare man sheƙi na asali a shafa sabo. Mandolin da ya koɗe, ya tsage-tsage a fata, ya fi wanda aka sabunta tsada nesa ba kusa ba. Dalili shi ne ba a iya kankare man sai an ɗebi katako, kaurin katakon fuska kuwa shi ne tushen sauti.

Wannan tsauri ba dokar halitta ba ce, al'adar kasuwa ce. Kusan duk gogen Turawan da Antonio Stradivari ya ƙera a Cremona an canza musu wuya ko an ƙara masa tsawo a ƙarni na 19, an kuma sauya sandar cikinsu, domin su dace da manyan ɗakunan kiɗa. Wannan bai hana a sayar da su a kan miliyoyin daloli ba. Mandolin ɗin Monroe ma hujja ne. A watan Nuwamban 1985 wani ya shiga gidansa ya ragargaza shi da ƙarfen tona wuta. Charlie Derrington, ma'aikacin Gibson, ya shafe watanni yana haɗa ɗaruruwan ɓaraguzai, Monroe ya ci gaba da kaɗa shi, kuma yau yana ajiye a gidan tarihin kiɗan country da ke Nashville. Gyaran bai rage masa daraja ba, domin kowa ya san abin da aka yi, da wanda ya yi, da lokacin da aka yi.

Inda ba a san tarihin gyara ba, nan zamba ke shiga. Tsadar kayan asali ta haifar da sana'o'i biyu marasa kyau. Ta farko ita ce yanka: a sayi tsohon mandolin mai arha, a kwance kunnuwansa da garkuwarsa da ƙarfen da tsirkiya ke maƙale a gindinsa, a sayar da su ɗai-ɗai, domin jimillar kuɗin sassan ta kan fi kuɗin kayan kiɗan a haɗe. Ta biyu ita ce tsufar da sabo: a ƙera kwafi, a dusashe shi da sinadari, a sayar da shi da sunan na asali. Kwafi a kan kansa halal ne, kuma ya ceci dubban kayan kiɗa daga zama kayan ado. Ɓoye cewa kwafi ne shi ya mayar da shi jabu.

Inda doka ta shigo

A 1973 aka rattaba hannu a Washington kan yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa tsakanin ƙasashe. Ta fara aiki a 1975, kuma Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka shige ta. Abubuwa uku da tsofaffin maƙera suka saba amfani da su sun faɗa ƙarƙashinta.

Na farko ƙoƙon kunkurun teku, wanda maƙeran Napoli suka riƙa yi wa mandolin garkuwa da ado da shi, aka kuma riƙa yanka abin kaɗawa daga gare shi. An haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun shekarun 1970. Na biyu hauren giwa, da ake sakawa a inda tsirkiya ke hawa a ƙarshen wuya da kuma wajen ado. A 1989 aka sa giwar Afirka a jerin da ya fi tsanani. Na uku katakon rosewood na Birazil, wanda ya shiga wannan jeri a 1992.

Tsohon kayan kiɗa da aka ƙera kafin haramcin zai iya ƙetare iyaka, amma da takarda. A taron CITES na 2013 a Bangkok aka amince da wata takardar shaida ta musamman ga makaɗa masu yawo, mai aiki na shekara uku. Ƙasashe kuma suna da nasu dokokin. A 2016 Amurka ta kusan rufe cinikin hauren giwar Afirka baki ɗaya, ta bar ƙofa ga tsofaffin kayan da hauren cikinsu bai kai giram 200 ba, bisa wasu sharuɗɗa. Dokar Birtaniya ta 2018, wadda ta fara aiki a 2022, ta yafe wa kayan kiɗan da aka yi kafin 1975 idan hauren bai kai kashi 20 cikin 100 na jikinsu ba.

A nan ne tarko yake ga mai gyara. A dokar Amurka, abin da ya kai shekara 100 yana iya samun sassauci a matsayin kayan tarihi, da sharaɗin ba a gyara shi da wani sashe na dabbar da aka kare ba bayan ƙarshen 1973. Ma'ana, wanda ya ga hauren mandolin ɗinsa ya tsage ya nemo sabon haure domin ya yi daidai da na asali, ya zubar da kariyar da yake da ita. Shi ya sa masu gyara suka koma ga ƙashin saniya ko na raƙumi a madadin haure, da robobin zamani a madadin ƙoƙon kunkuru. Wasu makaɗan ma da kansu suke cire kayan asalin su ajiye a gida, gudun kada a ƙwace musu abin sana'a a filin jirgin sama.

Daga wane daji katakon ya fito?

Sabon jaki ko sabon allon wuya na buƙatar baƙin katako mai tauri, kuma mafi yawansa daga ƙasashe masu zafi yake fitowa. Eboni ɗan'uwan kanya ne, jinsinsu ɗaya. Bayan rikicin siyasar da ya kifar da gwamnatin Madagaska a 2009, masu saran itace suka afka wa gandun dajin Masoala da Marojejy. A watan Nuwamban wannan shekarar jami'an gwamnatin Amurka suka kai samame masana'antar Gibson a Nashville, suna zargin shigo da eboni daga Madagaska ba bisa ƙa'ida ba. Sun dogara ne da dokar Lacey ta 1900, wadda aka faɗaɗa a 2008 ta haɗa da itatuwa, ta yadda shigo da katakon da aka sare ta hanyar karya dokar wata ƙasa ya zama laifi a Amurka. An sake kai samame a 2011 kan katakon Indiya, batun ya zama na siyasa, masu ra'ayin riƙau suka ɗauke shi misalin katsalandan ɗin gwamnati a harkar kasuwanci. A watan Agustan 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000, da ƙarin dala 50,000 ga wata gidauniyar kare namun daji.

A Kamaru an gwada wata hanya. A 2011 kamfanin Taylor mai ƙera gita da abokin hulɗarsa Madinter na Sifen suka sayi masana'antar yanka eboni ta Crelicam a Yawunde. Abin da suka tarar shi ne masu sara suna kayar da itace, idan cikinsa ba baƙi ƙirin ba ne su bar shi ya ruɓe a daji, domin kasuwa ba ta biyan kuɗin kirki a kan mai ratsi. Sai kamfanin ya fara sayen mai ratsin yana amfani da shi. Son a ga sabon ɓangare ya yi baƙi kamar na 1920 yana da farashi, kuma dajin Afirka ne ke biya.

A taron CITES na 2016 a Johannesburg aka sa kusan dukkan itatuwan jinsin Dalbergia, wato dangin rosewood, ƙarƙashin takunkumi daga Janairun 2017. Babban dalilin shi ne kasuwar kayan ɗaki ta China. A wannan taron ne kuma aka sa madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da wasu sassan Afirka ta Yamma domin wannan kasuwa, har aka dakatar da fitar da ita daga Najeriya a 2018. Maƙera kayan kiɗa sun koka cewa an haɗa su da laifin da ba nasu ba, kuma a 2019 aka cire kammalallun kayan kiɗa da sassansu daga takunkumin, ban da rosewood na Birazil.

Abin da mai saye da mai gyara za su riƙe

Wanda zai sayi tsohon mandolin, musamman ta intanet, ya nemi a rubuta masa jerin abin da aka canza da lokacin da aka canza shi. Ya duba lambar da ke cikin kayan kiɗan ya ga ko siffar sassan ta dace da shekarar, domin jaki mai hawa biyu a kan Gibson na 1912 alama ce cewa an taɓa shi. Ya leƙa bayan kan mandolin ko akwai ramukan da aka toshe. Ya tambayi abin da aka yi farin ɓangaren ƙarshen wuya da shi kafin a sa kayan a jirgi, domin idan kwastan ta riƙe, mai saye ne ke kuka.

Wanda ya riga ya mallaka kuwa, ya canza abin da ya hana kayan kiɗan aiki ko yake cutar da shi, ya zaɓi madadin da zai zauna ba tare da sabon huji ba, ya ɗauki hoto kafin aiki da bayansa. Tsohon jaki da tsofaffin kunnuwa su shiga ƙaramar jaka da takardar bayani, su bi mandolin ɗin duk inda ya tafi. Mai shi na gaba zai iya mayar da su, ko ya bar su a ajiye, kuma takardar ita ce hujjar da zai nuna wa mai saye da jami'in kwastan.